MOTAR ƘUNGIYA: MU YI LISSAFI KAFIN MU SAYA



A zagayen da muka yi wa ƙungiyoyinmu na Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, duk inda muka zauna sai maganar mota ta taso. Kukan kuwa iri ɗaya ne. Mai noman rani a wajen Tiga yakan tsinke tumatir ya zauna jiran mota har rana ta dafa kayan. Mai masara a Doguwa yakan sayar wa 'yan sari a bakin gona, gama kuɗin kai buhu Dawanau ya fi ƙarfinsa. Taki kuma yakan iso bayan lokacin zuba shi ya wuce. Sai a ce, "To, me zai hana mu sayi tamu?"

Shawara ce mai kyau, ba ma hana ta. Amma mota ba garma ba ce da za a jingine a zaure har damina ta kewayo. Mota tana ci, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Abin da muke so mu bayyana a wannan fitowa shi ne, ba ranar saye ake sanin mota mai araha ba. Mai araha ita ce wadda za ta riƙa kai buhu kasuwa da kuɗi kaɗan, shekara da shekaru, har ta tara kuɗin wadda za ta gaje ta.

ABIN DA YA SAMI WATA ƘUNGIYA

Akwai wata ƙungiya da muka yi aiki da ita, wadda ta tara kuɗin masara na kaka biyu, mata kuma suka ƙara da abin da suka samu a gyaran shinkafa. Shugaba da ma'aji suka tafi birni su biyu. Dillali ya nuna musu wata a-kori-kura mai sheƙi, mai babban inji, kuɗinta kuma bai kai na sauran ba. Suka cika da rance suka biya. Ranar da aka kawo ta mun je, an yi addu'a, an yi guɗa.

Wata uku ba su cika ba giya ta lalace. Aka nemi kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa ba a samu ba, sai an aika Legas. Motar ta yi kaka guda a gindin mangwaro a harabar majami'a, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, mai rance kuwa yana zuwa kowane ƙarshen wata. Daga baya aka gane takardunta ma da sunan shugaba aka yi su. A ƙarshe aka sayar da ita a kuɗin da bai biya bashin ba. Har yau akwai gidaje biyu a wannan ikilisiya da ba sa zama a benci ɗaya.

Laifin har da mu malaman gona. Mun je mun taya murna, amma ba wanda ya tambaya, "Ina lissafin?" A cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige kuɗin aikin. Mu ba mu zauna ba. Bari mu zauna yanzu.

TAMBAYA TA FARI: WANE AIKI MOTAR ZA TA YI?

Kafin a yi maganar irin mota, sai magatakarda ya ɗauki littafi ya zaga 'yan ƙungiya. A rubuta buhu nawa kowa ya kai kasuwa bara, a wane wata, wace kasuwa, nawa kuma ya biya a kan kowane buhu. A rubuta taki da iri da maganin feshi da aka ɗauko. Daga nan za a san tafiya nawa ke akwai a shekara, da watannin da babu aiki.

A kuma rubuta irin hanyar. Wanda ke kusa da Kwanar Ɗangora yana bisa babbar hanyar Kano zuwa Zariya, kwalta ce shimfiɗaɗɗiya. Amma daga Kwanar Ɗangora hanya ta karkata zuwa Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Ƙauyukanmu da yawa kuwa suna can ciki, sai an bar kwalta an bi burji ko turba, ga rafuka da damina, ga duwatsu a wajen Riruwai. Motar da ta dace da Bebeji ba lalle ta dace da Riruwai ba.

Wani abu kuma. Masara da dawa da waken suya ba sa ruɓewa don sun kwana biyu. Idan aka tara su wuri ɗaya a bakin kwalta aka yi shatar babbar mota, kuɗin kowane buhu yakan yi ƙasa da na ƙaramar mota. Tumatir da attarugu da rake su ne ba sa jira. Saboda haka wata ƙungiya, idan ta duba littafinta da gaskiya, za ta ga abin da take bukata shi ne keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya riƙa fito da buhuna daga gona zuwa bakin hanya, doguwar tafiya kuma a yi haya. Ba abin kunya ba ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

LISSAFIN MAI

Ga mai doguwar tafiya, mai shi ne babban abin da ke cin kuɗi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a watan Oktoba 2024 kuma ta wuce 1,000. Tun daga nan tana hawa tana sauka. A da mutum yana iya sayen mota mai shan mai ya ce ba komai. Wannan zamani ya wuce.

Bari mu yi misali. Lambobin da za mu yi amfani da su na koyo ne, kowace ƙungiya ta sa farashin da ta tarar a kasuwa. A ce motar za ta yi tafiya uku a mako, kowace kilomita 200 zuwa da dawowa, mako 50 a shekara. Kilomita 30,000 ke nan. Wanda ke Tudun Wada ko Doguwa ya san zuwa Dawanau da dawowa ya kai haka ko ya fi.

Mota ta fari tana yin kilomita 8 da lita ɗaya. A shekara za ta sha lita 3,750. Ta biyu tana yin kilomita 10 da lita ɗaya, za ta sha lita 3,000. Bambancin lita 750 ne. In mun sa lita a naira 1,000 don sauƙin lissafi, naira 750,000 ke nan kowace shekara, cikin shekara huɗu naira 3,000,000. To, in dillali ya ce ta fari ta fi ta biyu araha da naira miliyan biyu, wace ce mai arahar? Kafin shekara uku ta cika ta fari ta shanye ragin da aka samu, daga nan sai hasara.

Kada a yarda da abin da mai sayarwa ya faɗa game da shan mai. A gwada. A cika tanki fal, a rubuta lambar da ke kan agogon da ke ƙirga tafiya, a yi tafiya da lodi, a sake cika tanki. A raba kilomitar da aka yi da litar da aka ƙara. Wannan ita ce gaskiyar motar.

LISSAFIN SHEKARA

Mai ba shi kaɗai ba ne. Ga misalin abin da mota mai ɗaukar buhu 10 za ta iya ci a shekara, in ta yi kilomita 30,000:

1. Mai, lita 3,000: naira 3,000,000
2. Juye sau 6, wato bayan kowace kilomita 5,000: naira 240,000
3. Tayoyi huɗu: naira 360,000
4. Gyare-gyare, kamar birki da kuloci da sifirin: naira 600,000
5. Takardu da inshora da kuɗin tasha: naira 300,000
6. Albashin direba da yaron mota: naira 900,000
7. Ajiya domin sayen wata in wannan ta tsufa: naira 1,200,000

Jimla naira 6,600,000. In an raba da 30,000, kowace kilomita ta ci naira 220. Tafiya ɗaya ta kilomita 200 ta ci naira 44,000. In ta kai buhu 10 ta dawo wayam, kowane buhu ya ci naira 4,400. In kuwa ta dawo da lodin taki ko siminti ko kayan 'yan tireda, kuɗin ya rabu biyu.

Yanzu a ce aiki ya yi ƙaranci, ta yi kilomita 15,000 kaɗai. Na 1 zuwa na 4 za su ragu da rabi, su zama naira 2,100,000. Amma na 5 da na 6 da na 7 ba sa raguwa, suna nan a 2,400,000. Jimla 4,500,000, wato naira 300 kowace kilomita, naira 6,000 kowane buhu. Kun ga yadda motar da ke zaune take cin mai ita.

Sai a ɗauki kuɗin buhun da lissafi ya bayar a gwada da abin da masu haya ke karɓa a tasha. In namu ya fi nasu, to, ba mota muke bukata ba tukuna.

Na 7 shi ne wanda kowa ke mantawa, shi ne kuwa ke kashe ƙungiyoyi. A watan Yuni 2023 aka sake wa naira mara, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a 2024, kuɗin motoci da kayan gyara suka bi ta. Waɗansu suka sayar da tsohuwar mota fiye da yadda suka saye ta, suka ce sun ci riba. Amma da suka koma kasuwa kuɗin bai sayi irinta ba. Don haka kowace shekara a tambayi farashin irin motar, a gyara ajiyar ta bi shi.

WACE IRIN MOTA?

Dattawanmu suna tunawa da Peugeot, wadda muke kira Fijo. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Kaduna, 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa. Abin da ya sa ta daɗe tana yi wa manoma aiki shi ne, kowane makanike a gindin bishiya ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna ko'ina. Darasin yana nan har yau: a sayi motar da makaniken garinku ya sani.

Ga hanya mai sauƙi. A je tashar Tudun Wada ko ta Kwanar Ɗangora a zauna yini guda, a ƙirga irin motocin da ke lodi. Direbobin haya ba sa riƙe motar da ba ta biya. Za a ga Golf da Sharan suna ɗaukar mutane da ƙananan kaya, Hiace da J5, a-kori-kura irin Hilux mai ɗaukar kimanin tan 1, wato buhun masara 10, da Canter mai ɗaukar ninkin haka sau biyu ko uku. Sa'an nan a je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna a tambayi kuɗin inji, da giya, da kuloci, da shokazoba na irin motar da ake so. In an zaga shago uku ba a samu ba, a bar ta, kome kyanta.

Game da inji, mai amfani da gas, wato dizal, ya fi jan kaya, yakan kuma yi tafiya mai nisa da lita ɗaya fiye da na fetur. Amma gyaran famfonsa da nozul yana da tsada, gurɓataccen mai kuma yana kashe shi da sauri. A tuna kuma a 2022 farashin gas ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan watanni. A yi wa kowanne lissafin lita kamar yadda muka nuna. Tun 2023 gwamnatin tarayya take ƙarfafa mayar da motoci su yi aiki da iskar gas da ake kira CNG. Tana da sauƙin kuɗi, amma kada a kashe kuɗin juya inji sai an ga da ido akwai gidan sayar da ita a kan hanyar da motar ke bi, a kuma yi aikin a wurin da hukuma ta amince da shi. Tukunyar da aka yi wa walda a bayan gida tana fashewa.

Giyar hannu ta fi dacewa da mu. Gyaranta ya fi sauƙi, in batir ya mutu a daji kuma ana iya turawa ta tashi. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da amfani ga wanda ke ƙetare rafi da damina, amma ta fi shan mai, kayan lalacewarta kuma sun fi yawa. In hanyarku kwalta ce da burji mai kyau, ba kwa bukatarta.

RANAR SAYE

Sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancinmu. Abin da ya rage shi ne wadda aka yi aiki da ita a ƙasar waje, da muke kira 'yar Kwatano ko Beljiyam, ko kuwa wadda aka yi aiki da ita a nan gida. Ta wajen ta fi tsada, amma sau da yawa ba ta sha obalodi da gargada ba. Ta gida kuwa in an san mai ita da tarihinta, tana iya zama alheri. Ko wacce ce, a kiyaye waɗannan:

1. Kada mutum ɗaya ko biyu su tafi. A tafi mutum uku ko huɗu, har da mace daga cikin masu hannun jari, da makaniken da ƙungiya ta zaɓa ta kuma biya shi ladansa. Makaniken da dillali ya kawo, na dillali ne.

2. A je da sassafe a ta da inji yana sanyi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce inji yana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi alama ce ruwa yana shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin baƙin mai, in an ga abu kamar madara, a bar motar.

3. Makanike ya shiga ƙarƙashi ya duba ƙashin motar. In an ga walda ko lanƙwasa, ta taɓa yin hatsari ko ta sha lodi fiye da kima. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba laka da tsatsa, gama ana kawo motocin da ambaliya ta cinye a Amurka a wanke su a sayar.

4. Kada a dogara ga lambar tafiya da agogo ya nuna, ana mayar da ita baya. A dubi yadda sitiyari da kujerar direba da abin taka birki suka cinye. Motar Amurka kuma da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. In ta nuna 150,000, kilomita 240,000 ke nan.

5. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. In an ga 2322, mako na 23 ne na shekarar 2022. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba tana fashewa a zafin bazara.

6. A yi gwajin tafiya da lodi, a hau tudu, a taka birki, a sa ido kan agogon zafi.

TAKARDU

Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 tilas ta yi daidai da wadda ke kan dukan takardu. A ga takardar biyan kuɗin kwastan, a kuma kai ta ofishin kwastan a tabbatar ta gaske ce kafin a biya ko kwabo. Daga ranar 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motoci da yawa kuwa suka ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya da takardun jabu. Irin wannan, ran da aka kama ta, kuɗin ƙungiya ya tafi.

A yi yarjejeniyar saye a rubuce da shaidu, a biya ta banki don a sami shaida. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, an ƙara kuɗinta daga 1 ga Janairu 2023: ta motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta motocin kaya kuwa ta fi haka. A yanke ta a kamfani na gaske. Takardar da ake sayarwa a bakin ofis da rahusa ba ta biyan kowa ranar hatsari.

Abu mafi muhimmanci: a yi wa mota rajista da sunan ƙungiya. Bisa dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993, ƙungiyar da ta yi rajista tana iya mallakar dukiya da sunanta. Wadda ba ta yi ba, ta fara yin wannan tukuna. Kada a sa sunan shugaba, ko na fasto, ko na wani dattijo, kome amincinsa. Mutum yana mutuwa, fasto ana yi masa canjin wuri, magada kuma abin da takarda ta faɗa shi za su bi.

YADDA ZA A BIYA

Hanya mafi lafiya ita ce hannun jari. A yanka kuɗin motar kashi-kashi, kowa ya sayi abin da zai iya, da kuɗi ko da buhu, a rubuta a ba shi rasit. In bai isa bana ba, a ajiye a banki a ƙara baɗi. Ƙungiyoyi biyu ko uku da ke kan hanya ɗaya suna iya haɗa kai, hakan ma zai sa motar ta sami aiki isasshe. Kada a taɓa baikon ikilisiya ko kuɗin ginin majami'a da sunan za a mayar.

In tilas sai an ci bashi, a san cewa ruwa ya yi tsada. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Nijeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance. A fara tambaya a Bankin Manoma mai hedkwata a Kaduna. Akwai kuma bankunan da ba sa karɓar ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su sukan sayi kayan su sayar wa mutum da ribar da aka yanka tun farko, ƙofarsu kuma a buɗe take ga Kirista da Musulmi. Ko ina aka je tambayar ɗaya ce: "Gaba ɗaya nawa za mu biya, daga farko har ƙarshe?" A sa su rubuta.

Ga dalili. A ce an ranci naira 5,000,000 na shekara biyu da ruwa kashi 30 a shekara. In ana lissafta ruwan a kan uwar kuɗin duka har ƙarshe, ruwan naira 3,000,000 ne. In kuwa ana lissafta shi a kan abin da ya rage bayan biyan kowane wata, bai wuce kimanin 1,700,000 ba. Dukansu "kashi 30" ake ce musu. Wanda kuma ya ce kashi 5 ne kacal a wata, kashi 60 yake nufi a shekara. A misalinmu na sama, ruwan naira 1,500,000 a shekara zai ƙara naira 1,000 a kan kowane buhu.

Masu ba da mota a riƙa biya kaɗan-kaɗan sukan riƙe takardu har a gama. A karanta a ga abin da zai faru in an makara wata ɗaya ko biyu, gama waɗansu sukan ƙwace motar, abin da aka riga aka biya kuma ya bi ruwa.

Shawararmu ita ce: kada bashi ya wuce rabin kuɗin motar. Kada a jinginar da gonar kowa. A roƙi a tsara biya ya yi nauyi da kaka da rani, ya yi sauƙi a Yuli da Agusta, sa'ad da kuɗin kowa ke cikin gona. Kada a ci bashi bisa begen hatsi zai yi tsada, gama a 2025 farashinsa ya faɗi, masu ajiya da yawa suka ji jiki. Bayan an biya mota kuma, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗinta a hannu domin juye da tayoyi da gyaran farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

BAYAN AN SAYA

Mota mai kyau tana mutuwa a hannun ƙungiya marar doka. A rubuta dokoki kafin motar ta iso, a karanta a gaban kowa.

Direba ɗaya ne zai riƙa tuƙi, mai lasin na gaske, wanda ba ya shan giya ko ƙwaya. A zaɓe shi don ya iya, ba don ɗan wane ne ba. A ajiye littafi a cikin mota, a rubuta kowace tafiya: ina aka je, kilomita nawa, lita nawa, nawa aka karɓa. Mai karɓar kuɗi dabam, direba dabam. Ma'aji ya karanta lissafi kowane wata.

Ba obalodi. Buhu biyar da aka ƙara yau, a wurin mai sifirin da mai taya za a biya su gobe, wani lokaci ma da rai. Ba tafiyar dare, balle ta dajin Falgore. Da hunturu a riƙa kakkaɓe matatar iska, gama ƙura tana cinye inji.

Kowa ya biya kuɗin mota, har shugaba, har fasto. Za a bukace ta domin biki, da jana'iza, da taron Zumuntar Mata, da kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare. Waɗannan ayyukan ƙauna ne, ba mu ce a ƙi ba. Amma a buɗe asusun taimako dabam, wanda zai riƙa biyan motar kuɗin irin wannan tafiya. In ba haka ba alheri zai cinye motar, a rasa ta ranar da aka fi bukatarta. Maƙwabtanmu Musulmi kuma a ɗauki kayansu a farashi ɗaya da na kowa. Wannan zai cika motar zuwa da dawowa, shaida ce kuma mai kyau. Maganar aiki ran Lahadi ma a yanke ta tun farko, kada ta zama abin gardama daga baya.

TAMBAYOYI DOMIN TARONKU NA GABA

1. Buhu nawa muka kai kasuwa bara, nawa kuma muka biya a kan kowanne?
2. Wata nawa a shekara motar za ta sami lodi zuwa da dawowa?
3. In ta lalace ta yi wata biyu a gareji, da me za mu biya bashi?
4. Ƙungiyarmu tana da rajista da asusun banki da sunanta?
5. Akwai wata ƙungiya kusa da za mu haɗa kai da ita?

Ƙungiyar da ta amsa waɗannan a rubuce, ta aiko mana ta hannun malamin gona na yankinta. Za mu zo mu zauna tare mu bi lissafin layi-layi kafin a fitar da kuɗi. Wannan karon ba za mu jira ranar guɗa ba.

Ubangiji ya ba mu hikima mu riƙe amanar da ya sa a hannunmu, ya kuma kiyaye masu tafiya a kan hanya. Amin.